Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Amfilifaya da Wufar Mota

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako duk a kan abu guda suka taru, wato yadda ake haɗa amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da wufa, babbar lasifikar nan ta bayan mota mai dukan bas. Muna tare da injiniyan lantarkin mota. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko, wani mai sauraro ya ce ya sayi wufa an rubuta wat 1200 a kwalinta, amfilifayarsa kuma wat 3000. Yana tsoron kada ta ƙona masa ita.

Injiniya: Malam, ka ajiye lambobin nan biyu a gefe, na talla ne. Ƙarfi ne da na'ura za ta iya taɓawa na ƙiftawar ido. Lambar da ake aiki da ita ita ce wadda aka rubuta RMS kusa da ita, ƙarfin da wufa za ta jure a ci gaba, ko wanda amfilifaya za ta riƙa bayarwa ba ta gaji ba. Ka duba takardar da ta zo da wufar, ba mamaki ka tarar da 300 ko 400.

Ita kuwa amfilifaya, fis ɗin da ke jikinta ba ya ɓoye gaskiya. A ce fis biyu ne, kowanne amfiya 25. Jimla 50 ke nan. Ninka da volt 14 na mota in tana tafiya, ka samu wat 700, iyakar abin da zai shiga. Samfurin Class D yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar zuwa sauti, saura ya tafi a zafi, don haka abin da za ta fitar bai wuce 560 ba. In Class AB ce, rabi da ɗan kai kawai za ka samu. To ina 3000? Kamfanonin da suka bi ƙa'idar gwaji ta CTA-2006 sukan auna a volt 14.4, da gurɓatar sauti da ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari ba, kuma sun fi cancanta a yarda da lambarsu.

Abin nema shi ne RMS ɗin amfilifaya ya zo kusa da na wufa, daga kashi uku cikin huɗu zuwa ɗan sama da shi kaɗan. Kada kuma a wahalar da kai kan wat 50 ko 100: ko ninka ƙarfi aka yi, desibel 3 kacal ake ƙaruwa da shi a ma'aunin ƙarar sauti.

Mai gabatarwa: Ta biyu tana da ɗan tsawo. Ya ce wufa biyu gare shi iri ɗaya, kowacce RMS 300, kowacce kuma da kwayil biyu masu om 4, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke cikinta masu motsa fatarta. Amfilifayarsa mai layi ɗaya ce, wato hanyar fitar da sauti ɗaya gare ta, tana ba da wat 350 a om 4, wat 600 a om 2. Yana son ya ɗaure su a om 2 ya ci moriyar 600 ɗin. Yaya zai yi?

Injiniya: To, a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi, don haka bari in tsaya a kai. Om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. In ya yi ƙasa, wuta ta fi kwarara, amfilifaya ta ba da ƙarfi mai yawa, amma ta fi yin zafi. Kowace amfilifaya tana da mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, kuma a rubuce yake.

Hanyar haɗi biyu ce. Akwai jerin gwano: bakin baƙi na kwayil ɗin farko ya shiga bakin ja na na biyu, ragowar baki biyu su tafi amfilifaya. A nan tarawa ake yi, 4 da 4 su zama 8. Akwai kuma kafaɗa da kafaɗa: ja da ja, baƙi da baƙi. A nan rabawa ake yi, 4 biyu su koma 2.

Yanzu lissafa naka. Kwayil huɗu ne, kowanne om 4. Duka kafaɗa da kafaɗa, om 1. Duka jerin gwano, om 16. In aka gauraya, om 4. Shi ke nan, babu 2 a ciki, duk yadda ka juya wayoyin. Om 1 kuwa amfilifayarka ba ta yarda da shi ba. Ko ta riƙa ɗaukewa, ko wata rana ka ji ƙauri.

Saura om 4. A kowace wufa ka haɗa kwayil ɗinta biyu jerin gwano, ta zama om 8. Sannan ka haɗa wufa biyun kafaɗa da kafaɗa, su sauko 4. Kowacce za ta samu wat 175, kuma za su yi aiki lafiya lau, sai dai ba su kai ƙarshen ƙarfinsu ba. Kafin ka ɗaura a amfilifaya, juya mitar gwajin wuta zuwa ma'aunin om, ka ɗora ta a kan bakin wayoyin biyu. Za ta nuna wajen 3.2 zuwa 3.6, kuma daidai ne, don mita kullum tana karanta ƙasa da lambar da aka rubuta. In ka ga kusan 1, ko sama da 10, akwai wayar da ta ɓata hanya.

Wani zai ce maka ka yi amfani da kwayil ɗaya-ɗaya, ka bar sauran a sake, ai ga om 2 nan. Lissafin ya fita, amma ban ba ka shawara ba. Zafin da kwayil biyu za su raba ya koma kan ɗaya, kuma wufar ba za ta ƙara tafiya daidai da akwatin da aka auna mata ba. In lallai 600 kake so, ko ka nemi amfilifayar da ke ba da 600 a om 1, ko ka canza zuwa wufa masu kwayil biyu na om 2, waɗanda in an gauraya haɗinsu suke sauka a om 2 cif.

Mai gabatarwa: Ke nan, Injiniya, tun a wurin saye ake yin wannan lissafi.

Injiniya: Tun kafin a biya kuɗi. Kuma a lura, amfilifaya mai layi ɗaya da ke da bakin lasifika biyu, a ciki haɗe suke kafaɗa da kafaɗa. Wufa mai om 4 a kowane baki, om 2 take gani.

Mai gabatarwa: Wata mai sauraro ta ce tata mai layi biyu ce, an game layukan wuri ɗaya don su tura wufa guda mai kwayil biyu na om 4. Da ta ƙara sauti sai jar fitila ta kama, komai ya yi shiru.

Injiniya: Malama, ina kyautata zaton an ɗaure wufar a om 2. In aka game layi biyu, kowane layi rabin nauyin yake gani, wato om 1, alhali yawancin irinsu om 4 ne iyakarsu in an game. Jar fitilar kare kanta take yi. A mayar da kwayil ɗin jerin gwano, om 8; ƙarfi zai ragu, amma ɗaukewar za ta tsaya. In ba ta tsaya ba, a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota: a kankare fenti har ƙarfe ya fito, a ɗaure tam, kuma kada tsawonta ya wuce rabin mita.

Mai gabatarwa: Ga wata mai ban mamaki. Wufarsa RMS 600 ce, amfilifaya 400 a om 4, amma wufar ta ƙone. Ya ce yaya ƙarami zai kashe babba?

Injiniya: Ƙarancin wat ba ya ƙona wufa. Abin da ya kashe ta shi ne maɓallin da aka rubuta Gain. Mutane suna ɗaukarsa abin ƙara sauti, alhali aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin da rediyon mota ke turo mata. In aka murɗa shi ya wuce kima, amfilifaya ta kai maƙura, sai ta riƙa datse kan igiyar sautin. Igiyar da aka datse gaba ɗaya tana iya ɗaukar ninkin ƙarfin mai kyau, wato 400 ɗin nan ya doshi 800. Kwayil ya yi ta tara zafi, gam ɗin da ke riƙe da wayarsa ya saki, ya kama.

Ga yadda ake saita shi. Cire wayoyin wufa daga amfilifaya. Kashe Bass Boost, mayar da bas na rediyo tsakiya, Gain kuma can ƙasa. Ninka wat da om: 400 sau 4, 1600. Nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da 1600, ita ce 40. Tada mota, sa sautin gwaji na 50 Hz (Hz ma'aunin sauti ne, in lambar ta yi ƙasa sautin ya fi kauri), kai rediyo kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Juya mita zuwa volt na AC, ɗora ta a bakin lasifika, ka riƙa murɗa Gain a hankali har ta nuna 40. Tsaya nan. Wannan dabara ta dogara ne da cewa 400 ɗin gaskiya ce. In kana shakkar lambar, tsaya a 35.

Sai matatun sauti. Wanda aka rubuta LPF, mai tace siririn sauti ya bar bas ya wuce, a sa shi wajen 80 Hz. In akwatin wufar mai rami ne, a kunna Subsonic, mai tare sautin da ya yi kauri fiye da kima, a ɗan ƙasa da Hz ɗin da aka daidaita ramin a kai, don ƙasa da nan iska ba ta riƙe fatar wufa, sai ta yi ta lilo har ta yage.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe: duk dukan bas sai fitilun motarsa su dushe. Amfilifayar wat 1000 ce RMS.

Injiniya: Raba 1000 da 0.8, ka samu 1250, sannan ka raba da volt 14: kusan amfiya 90 take ja in ta buɗe wuta. Altanetar ƙaramar mota, wato na'urar da ke cajin batir, sau da yawa ita kanta ba ta fi haka da yawa ba, ga fitilu, ga fanka, ga na'urar sanyaya mota. Fara da waya. Wannan ƙarfi yana son lamba 4 aƙalla, mai kaurin kusan murabba'in milimita 21, kuma ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, ana rubuta CCA a jikinta. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar waccan take ɗauka, sai an ƙara mata kauri. A sa fis a kan wayar, kada ya wuce santimita 45 daga batir, don in ta goge da ƙarfe a hanya shi zai hana gobara. Bayan haka a auna volt a bakin amfilifaya ana cikin kiɗa. In yana faɗuwa ƙasa da 12 alhali inji na aiki, a sa mai riwaya ya ƙara kaurin wayoyi uku: daga altaneta zuwa batir, daga batir zuwa jikin mota, daga inji zuwa jikin mota. In duk da haka bai tsaya ba, sai babbar altaneta.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya. Lokaci ya ƙure mana. Masu aiko da tambaya a kan wannan batu, ku riƙa rubuto RMS da om na kowace wufa, da adadin kwayil ɗinta, da abin da amfilifaya ke bayarwa a om 4, 2 da 1. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.