Abin da ke faruwa a teburin yara huɗu kafin ranar gabatarwa

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Ku dubi teburin nan da kyau. Mu ɗauka yara huɗu ne 'yan aji biyar na firamare, kuma malamarsu ta ba su mako uku su binciki rayuwar ƙudan zuma, su tsara abin da suka gano a kan babban kwali, sannan su tsaya a gaban aji su yi bayani na minti biyar. A ranar gabatarwa kowa zai ga kwali mai launi, ya ji yara suna magana ɗaya bayan ɗaya, a tafa musu a tashi. Amma a cikin makonni ukun da suka gabaci wannan rana ne ake rarrabe wanda ya koyi wani abu da wanda ya yi rakiya kawai, kuma waɗannan makonnin ne za mu leƙa a yau.

Ba wa yara aiki mai manufa su yi da kansu ba sabon abu ba ne. Tun a 1918 William Heard Kilpatrick, wani malamin jami'a a Amurka wanda ya tasirantu da John Dewey, ya rubuta maƙalar da ta yayata wannan hanya, inda ya nuna cewa yaro ya fi koyo idan aikin da ke gabansa yana da wata manufa da ya sa wa zuciya. Sai dai tsakanin abin da aka rubuta a takarda da abin da ɗan shekara goma yake fuskanta a teburi akwai tazara mai yawa.

Kafin a buɗe littafi ko ɗaya, an riga an raba mulki. Yarinyar da ta fi kowa iya karatu ta jawo kwalin gabanta ta riƙe alƙalami, kuma daga wannan lokaci duk abin da zai hau kwalin sai ya bi ta hannunta. Yaron da ya fi kowa baki yana ta kawo shawara a kan launin da za a rubuta kan magana da shi. Na ukun an miƙa masa almakashi da gam, an ce ya yanka hotuna. Ta huɗun kuwa, wadda ba ta cika magana ba, ta ce cikin ƙaramar murya ta taɓa jin cewa ƙudan zuma suna rawa don su nuna wa 'yan'uwansu inda furanni suke, sai aka bushe da dariya aka wuce. Alhali ita ce mai gaskiya. Karl von Frisch, masanin dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, ya kwashe shekaru yana nazarin wannan rawa, ya nuna cewa tana sanar da sauran ƙudajen alƙiblar da abinci yake da kuma nisansa daga amya, kuma yana cikin mutum ukun da suka raba lambar yabo ta Nobel a 1973. Bayanin da ya fi kowanne armashi a aikin gaba ɗaya ya zo teburin a minti biyar na farko, aka kore shi saboda bakin da ya fito.

Elizabeth Cohen ta Jami'ar Stanford ta daɗe tana nazarin wannan matsala a azuzuwan yara. Ta lura cewa ɗalibai suna shigowa rukuni da matsayin da 'yan aji suka riga suka ba su, wanda yawanci ya dogara a kan iya karatu ko farin jini, kuma wanda ake ɗauka gwani shi ya fi samun damar magana, wanda ya fi magana a kan aikin kuma shi ya fi ƙaruwa. Ma'ana, idan aka bar rukuni haka nan, mai shi ake ƙara wa. Maganin da ta ba da shawara yana da sauƙin faɗa: malami ya sanar tun farko cewa aikin yana buƙatar basira iri-iri, babu wanda ya mallake su duka, babu kuma wanda ya rasa ko ɗaya, sannan idan ya ji yaron da ake rainawa ya kawo abu mai amfani, ya faɗa a gaban sauran, ya kuma bayyana takamaiman dalilin da ya sa abin yake da amfani. Da malamar nan tana kusa ta ce, "Ku tsaya, maganar rawar nan ku nemo ta a littafi, ita za ta bambanta aikinku da na sauran," da an ga yadda kawuna uku za su juyo wajen yarinyar.

Zuwa mako na biyu ƙorafi ya fara. Mai alƙalami ta je wurin malama idonta cike da hawaye tana cewa, "Malama, ni kaɗai nake yin komai." Aka kira sauran, mai almakashi ya ce, "Ai ba ta bari mu taɓa." Abin da ke ba malamai wahala shi ne duk su biyun gaskiya suka faɗa. Ita tana ganin kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tunda maki ɗaya za a ba su duka. Shi kuma ya gwada sau biyu an ture hannunsa, ya ga babu amfanin ya ci gaba da wahalar da kansa.

Janye jiki a cikin taro ba halin yara kaɗai ba ne. Max Ringelmann, wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, ya sa mutane jan igiya ɗaiɗai da kuma a rukuni, ya wallafa sakamakon a 1913: gwargwadon yawan masu ja, gwargwadon raguwar ƙarfin da kowane mutum yake sawa, har idan sun kai takwas ƙarfin kowannensu ya sauka zuwa kusan rabi. A 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa sun sa mutane tafi da ihu, suka ga abu iri ɗaya, wato mutum yana rage himma idan ya san ba za a iya ware nasa ƙoƙarin daga na taro ba. Shi ya sa Robert Slavin na Jami'ar Johns Hopkins, bayan nazarin gwaje-gwaje masu yawa a makarantu, ya nace cewa aikin rukuni yana ɗaga karatu ne idan abu biyu sun haɗu, a sami buri ɗaya na rukunin, a kuma sami hanyar da za a gane abin da kowane yaro ya iya shi kaɗai.

Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi shahara wajen haɗa waɗannan biyun ta samo asali ne daga rikici. A 1971, a birnin Austin na jihar Teksas, an haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka a aji ɗaya bayan an soke wariyar launin fata a makarantu, sai gaba da faɗace-faɗace suka yi yawa. Aka gayyato masanin halayyar ɗan'adam Elliot Aronson da ɗalibansa, suka tsara darasi kamar wasan haɗa gutsattsarin hoto. An yayyanka darasin kashi-kashi, kowane yaro a rukuni ya riƙe kashi ɗaya wanda babu mai shi sai shi, ya je ya zauna da yaran sauran rukunoni masu kashi irin nasa su fahimce shi tare, sannan ya dawo ya koya wa 'yan rukuninsa, a ƙarshe kuma a yi wa kowa jarrabawa a kan darasin duka. Yaron da kake yi wa dariya ya zama shi ne ke riƙe da amsar da kake buƙata, saboda haka dole ka saurare shi, har ma ka taimaka masa ya fitar da maganar. Mu ɗauka malamar ta bi wannan dabara a teburinmu: ɗaya ya ɗauki aikin sarauniya da ma'aikata a cikin amya, ɗaya yadda ake mayar da ruwan furanni zuma, ɗaya rawar, ɗaya kuma harbi da kariyar kai.

Sai kuma binciken kansa, kuma a nan gizo ke saƙar. A wurin ɗan shekara goma, bincike yakan zama buɗe shafin farko da ya fito a intanet ko a littafin laburare, a kwafe sakin layin farko da kyakkyawan rubutu, har da kalmomin da shi kansa ba zai iya furtawa ba. Laifin ba nasa ba ne kacokan, domin idan aka ce masa "ƙudan zuma" kawai, kowace jimla da ke da wannan suna ta cancanci hawa kwali. Idan kuwa aka mayar da batun tambaya, misali me ya sa ƙudan zuma suke mutuwa bayan sun harbi mutum, to dole ya yi ta tsallake abin da bai amsa tambayar ba har ya kai ga bayanin cewa ƙarin da ma'aikatan amya suke harbi da shi yana da ƙananan ƙayoyi kamar ƙugiya, yana maƙalewa a fata, idan sun fizge sai wani ɓangare na cikinsu ya tsinke. Wata dabara mai arha ita ce yaro ya karanta, ya rufe littafin, ya faɗa wa na kusa da shi abin da ya fahimta, sannan ya rubuta abin da bakinsa ya faɗa.

Akwai kuma batun gaskata duk abin da aka gani a allon kwamfuta. A 1998 wani ya ƙirƙiri shafin barkwanci a intanet game da oktofus, dabbar nan ta teku mai hannuwa takwas, yana cewa akwai wani irinta da ke zaune a kan bishiyoyi a arewa maso yammacin Amurka kuma yana neman ƙarewa. Da Donald Leu na Jami'ar Connecticut ya nuna shafin ga ɗalibai 'yan aji bakwai, kusan dukkansu sun yarda da shi. Idan waɗanda suka girme wa yaranmu sun faɗa wannan tarko, ina ga ɗan aji huɗu ko biyar. A ganina, malamin da ya zaɓo wa yara littattafai da shafuka uku ko huɗu, ya kuma sa su tabbatar da kowane bayani a wuri biyu, bai tauye musu 'yanci ba. Mai fara koyon abu yana buƙatar jagora sosai, kuma sakin yara su nema da kansu tun ba su san me ake nema ba ya fi cutar da masu rauni a cikinsu.

Yadda yaran suke magana da juna ma abin saurare ne. Neil Mercer, wani masanin ilimi a Ingila, ya rarrabe hirar yara a rukuni gida uku. Akwai musun "haka ne, ba haka ba ne" wanda ba ya kai ko'ina. Akwai kuma ta 'yan amshin shata, inda duk abin da ɗaya ya faɗa sai sauran su ce to, wadda daga nesa take kama da zaman lafiya har malami ya wuce yana murna. Ta ukun ita ce wadda yaro yake cewa "me ya sa ka ce haka?" ɗayan kuma ya kawo dalili, kuma Mercer da abokan aikinsa sun nuna cewa ana iya koya wa yara irin wannan hira idan aji ya zauna ya amince da ƙa'idojin magana. Noreen Webb ta Jami'ar Kalifoniya ta kuma gano cewa yaron da ke yi wa ɗan'uwansa cikakken bayani yana ƙaruwa shi ma, yayin da wanda aka miƙa wa amsa tsura ba tare da bayani ba bai cika amfana ba.

Ga ranar gabatarwa ta zo. Mai baki, wanda kowa ya ɗauka shi zai burge, ya juya wa aji baya yana karanta kwalin layi-layi da sauri kamar ana korarsa. Mai alƙalami ta haddace nata tsaf, amma da ta manta kalma ɗaya a tsakiya sai ta yi tsuru-tsuru, dole ta koma farko. Takardar da ke hannun mai almakashi tana rawa, muryarsa ba ta wuce layin gaba ba. Faɗuwar gaba a irin wannan wuri ba abin mamaki ba ce, manya ma suna fama da ita, kuma abin da ya fi rage ta shi ne gwaji, a fara yi a gaban rukuni ɗaya kafin a fuskanci aji duka, da 'yar takarda mai kalmomi biyar ko shida na tuni maimakon cikakken rubutu. Ga iyaye kuma, a gefe: kwalin da babba ya zana da daddare malamai suna gane shi tun daga bakin ƙofa, kuma yaron da ke tsaye a gabansa ba ya iya kare abin da ke ciki.

Lokacin tambayoyi ne yake fallasa komai. Wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, idan cikin amya duhu ne, ta yaya sauran ƙudajen suke ganin rawar? Babu wannan a kwali. Ukun suka kalli juna, sai mai ƙaramar murya, wadda rawar ta zama kasonta, ta ce ba gani suke yi ba, suna bin mai rawar ne kusa da kusa suna taɓa ta da 'yan gashin da ke kansu, suna kuma jin motsinta. Ta faɗa ba tare da ta dubi takarda ba.

Bayan an tafa, malamar ta raba wa kowa rabin takarda, ta ba da minti goma, kowa ya zauna shi kaɗai. Tambaya biyu ce a jiki: ka bayyana abu ɗaya daga kason da ba naka ba, sannan ka faɗi abin da rukuninku zai sauya idan aka sake ba ku irin wannan aiki. Makin kwali da gabatarwa na rukuni ne, makin wannan takarda kuwa na mai ita ne. Mai almakashi ya cika rabin takardarsa da bayanin rawar, har da zanen rana da kibiya. Mai alƙalami kuma, a ƙarƙashin tambaya ta biyu, ta rubuta cewa a saya musu alƙalami huɗu.