Sharhi: Garkuwar Jiki Ma Tana Buƙatar Linzami

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a nan Bauchi ya saba jin lasifikar mai magani a kan mota, yana cewa ga mai ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Mun ɗauka ƙarfi kaɗai garkuwa take buƙata, alhali doki mai ƙarfi in ba linzami, mahayinsa yake fara kayarwa.

Kan wannan linzamin aka ba mutum uku kyautar Nobel ta likitanci a watan Oktoba na 2025: Shimon Sakaguchi na Japan, da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka. A 1995 Sakaguchi ya nuna cewa a cikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, sojojin jiki ke nan, akwai 'yan kaɗan da ba sa fita yaƙi. Aikinsu tsawatarwa. In sojoji suka ɗauki naman jikin mutum baƙo ne, su ke cewa a dakata. Ɓerayen gwaji da aka raba da waɗannan masu tsawatarwa, sai dara ta ci gida, garkuwarsu ta far wa sassan jikinsu.

A 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar halittar Foxp3, wadda in ta samu tangarɗa a jariri namiji, sai gudawa da ƙuraje da ciwon suga su taso masa tun yana goye. Bayan shekara biyu Sakaguchi ya tabbatar ita ce ke samar da waɗannan masu tsawatarwa. Ciwon daji ma yakan tara su a kewayensa don kada a taɓa shi, shi ya sa masu bincike ke neman hanyar rage su a wani wuri, a ƙara su a wani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaranmu. Yaro ɗan shekara bakwai ya rame, randa ba ta isarsa, kullum sai an shanya tabarmarsa. Sai ka ji an ce alewa ce ta yi masa yawa, ko an yi masa jifa. Sau da yawa garkuwarsa ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, sai ciwon suga ya kama shi, kuma jiƙon ƙara garkuwa ba zai dawo da su ba. Allurar insulin yake buƙata.

Iyaye, in kun ga waɗannan alamu, ku kai shi asibiti a ranar, ko na koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko mafi kusa da ku. Ɗigon jini guda daga yatsa ya isa a auna sugansa.