Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Ziyararsa Shagonmu na Littattafai a Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamanmu, marubuta, da abokan cinikinmu da suka bar harkokinsu suka zo, sannunku da zuwa. Ranka ya daɗe, lale marhabin. Shagon ƙarami ne, shi ya sa muka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, amma zuwanka ya ƙara masa faɗi a idonmu.

Garin da ka sauka yau tsohon gidan boko ne. A nan Zariya Hukumar Talifi ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Balewa. A nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo baya a 1966. Mu masu shago mu ne ƙarshen wannan igiya: marubuci ya rubuta, maɗaba'a ta buga, amma a hannunmu littafi yake haɗuwa da mai karatunsa.

Wannan haɗawar ita ce ainihin sana'ar, ranka ya daɗe. Kowa zai iya saro kwali ya jera a kanta. Aikin yana farawa ne lokacin da mutum ya shigo ya ce, "Malam, ba ni wani abu mai daɗi." Ba na miƙa hannu kanta sai na tambaye shi wane littafi ya karanta na ƙarshe, kuma ya kai ƙarshensa ko a hanya ya ajiye. Daga amsar nake gane inda zan kai shi. Akwai wani direban Keke Napep da ya koyi karatu da girmansa a ajin yaƙi da jahilci. Ranar da ya fara zuwa yana ta jujjuya wani ƙaton littafin tarihi, kunya ta hana shi cewa ya fi ƙarfinsa. Na karɓe, na ba shi Magana Jari Ce na ɗaya, na ce labari ɗaya kawai kowane dare. Bayan mako uku ya faka a ƙofar nan, ko inji bai kashe ba, ya ce a ba shi na biyu. Yau ga shi can zaune a baya, kuma wancan littafin tarihin tuni ya saye shi.

Matan aure kuwa galibi ba ma ganinsu. Yaro ake aikowa da 'yar takarda a ninke, wani lokaci ba sunan littafi, sai dai "irin na rannan". Saboda su nake ajiye kundi ina rubuta abin da kowane gida ya karɓa, don kada in aika wa mutum abin da ya riga ya karanta. Wadda ba ta da kuɗin saye, akwai haya. Mun san yanzu da yawa a waya suke karatu, a WhatsApp, ba ma kuma ganin laifinsu, domin wanda ya saba da labari a waya wata rana zai nemi na takarda.

To, ga kukanmu. Takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, duk sanda dala ta motsa sai kuɗin littafi ya tashi. Cinikin da ke riƙe shagon shi ne na farkon zangon karatu, lokacin da iyaye ke zuwa da jerin littattafan makaranta, da kuma na masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Daidai wannan cinikin masu bugun jabu suke kwashewa. Na ajiye guda biyu a kan teburin nan, na gaske da na jabu, don ka riƙa da hannunka. Na jabun tawadarsa ta koɗe, taswirar ciki ba ta karantuwa, kana buɗe shi da kyau shafuka suke zubowa. Uba ya saya don araha, kafin hutun rabin zango ya sake saye, marubucin kuma ko sisi bai gani ba.

Roƙonmu biyu ne. Idan gwamnati za ta zuba littattafai a ɗakunan karatu na makarantu, a tuna da ƙananan shaguna da marubutanmu na gida, a kuma sa na Hausa a ciki. Sannan a umarci shugabannin makarantu su daina karɓar bugun jabu daga hannun dillalai.

Ranka ya daɗe, ga 'yar tsaraba, littattafai uku da na zaɓa maka da kaina. Bismillah, mu shiga ciki ka ga kantocin. Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kai gida lafiya.