Lafiya, Makamashi da Kuɗin Kamfe: Inda Bernie Sanders Ya Tsaya

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

A watan Yulin 2019 wata motar bas ta tashi daga birnin Detroit na Amurka, ta ƙetara iyaka zuwa Windsor a ƙasar Kanada. Kogi ɗaya ne ya raba garuruwan biyu. Fasinjojin cikinta masu ciwon sukari ne, da iyayen yaran da ke fama da shi, kuma abin da ya kai su shi ne sayen allurar insulin. Kwalbar da suke biya wa wajen dala 300 a gida, a kantin maganin Kanada sun same ta a kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi. A cikin motar har da wani dattijo mai furfura, ɗan shekara 77 a lokacin, wanda ke neman shugabancin Amurka. Shi ne Bernie Sanders, sanata daga jihar Vermont.

Yau za mu duba matsayinsa a kan abubuwa uku da ya yi ta nanatawa a takararsa ta 2016 da ta 2020: kiwon lafiya, makamashi mai tsafta, da kuɗin yaƙin neman zaɓe. Ku lura da na ukun nan sosai, don a ganina shi ne ya riƙe wuyan sauran biyun.

Mu fara da asibiti. A Amurka yawancin masu aiki ta hannun kamfanin da ya ɗauke su suke samun inshorar lafiya, mutum kusan miliyan 150. Ke nan ranar da aka sallame ka, ranar ce katin asibitinka da na iyalinka ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ko kana da inshorar ma, akwai kuɗin da za ka riƙa biya duk wata, akwai wani adadi da sai ka kashe daga aljihunka kafin kamfanin ya sa hannu, ga kuma ɗan abin da za ka ajiye duk zuwa wurin likita. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta shigar da miliyoyi cikin tsarin, amma har yanzu sama da mutum miliyan 20 ba su da komai. Wannan kuwa a ƙasar da ke kashe kusan kashi 17 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki.

Sanders ya ce magani na nan a gida. Tun 1965 gwamnati ke da shirin Medicare, wanda ke ɗaukar nauyin 'yan shekara 65 zuwa sama. Shi ya ce a buɗe ƙofar nan ga kowa, cikin shekara huɗu, daga jariri zuwa tsoho, har da haƙori da ido da kunne. Ka je asibiti, ka nuna kati, ka koma gida ba takardar bashi ta biyo ka.

To wa zai biya? Haraji, kuma bai ɓoye ba. Ƙiyasin da aka yi ya haura dala tiriliyan 30 a shekara 10. Amsarsa ita ce, kuɗin nan dama jama'a na biyansu, sai dai kamfanonin inshora ake miƙa wa. Amma tsoron masu tsoro ba na banza ba ne. A Nevada, ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci ta yi shekaru tana fafutuka kafin ta sama wa 'ya'yanta inshora mai kyau, shugabanninta kuma suka fito a 2020 suka ce ba su yarda a taɓa musu ita ba. Duk da haka shi ya lashe zaɓen fidda gwani na jihar.

Kuma maganar bas ɗin nan ba sabuwa ba ce a wurinsa. A 1999, yana ɗan majalisar wakilai, ya kwashi mata masu sankarar mama zuwa Montreal don su sayi maganinsu da rahusa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a Toronto aka gano insulin a 1921, waɗanda suka gano shi kuma suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu, don kada kuɗi ya hana mara lafiya samu.

A ɓangaren makamashi, a watan Agustan 2019 ya fito da shiri na dala tiriliyan 16.3. Burinsa zuwa 2030 wutar lantarki da sufuri su koma kan hasken rana da iska da makamantansu gaba ɗaya, a hana fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don tatso mai da iskar gas, a kuma tallafa wa ma'aikatan kwal da na mai har su sami wata sana'a. Ya daɗe yana adawa da bututun man Keystone XL, wanda aka so a shimfiɗa daga Kanada zuwa Amurka. Birnin Burlington na jihar Vermont, inda ya zama magajin gari a 1981 da ratar ƙuri'a 10 kacal, tun 2014 ya kai ga samun dukkan wutarsa daga hanyoyin da ake sabuntawa. Inda ban bi shi ba shi ne nukiliya. Yana son a rufe tashoshinta sannu a hankali, alhali su ke ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar Amurka, ba hayaƙi. Mai yaƙi da ɗumamar yanayi, ina jin bai kamata ya yi saurin jefar da wannan makami ba.

Yanzu ga kuɗi. A watan Janairun 2010 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United cewa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na iya kashe duk abin da suka ga dama wajen tallata ɗan takara ko ɓata shi, muddin ba a hannunsa suka danƙa ba. Daga nan aka sami ƙungiyoyin da ake kira Super PAC. Ku duba yadda abin yake: a zaɓen 2016 doka ba ta yarda ka ba ɗan takara fiye da dala 2,700 a zaɓe ɗaya ba, amma attajiri na iya zuba miliyan 10 a irin wannan ƙungiya ta cika talabijin da tallar mutuminsa. Hausawa suka ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ɗan majalisar da kuɗin kamfanin magani ko na mai ya kai shi kujera, da wane ido zai dubi dokar rage farashin magani?

Sanders ya ce ba zai bi wannan hanya ba. Ya dogara da ƙananan gudummawa ta intanet, har ya zama a tarukansa in ya tambayi matsakaicin abin da ake ba shi, jama'a kan amsa da ƙarfi: dala 27! Da irin wannan taro-sisi ya tara sama da dala miliyan 200 a 2016. Abokan hamayya sun tuna masa cewa ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa ma ta kashe kuɗi dominsa ta irin wannan kafa, kuma gaskiya ne. Gaskiya ne kuma kuɗi kaɗai ba ya sayen ƙuri'a: Michael Bloomberg ya kashe kusan dala biliyan ɗaya daga aljihunsa a 2020, bai ci ko jiha ɗaya ba.

Abin da Sanders ke nema shi ne a soke wancan hukunci, gwamnati ta riƙa ɗaukar nauyin zaɓe. Hanya kuwa mai tudu ce. Ko dai kotun ta sauya ra'ayi, ko a gyara tsarin mulki, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan jihohi 38 daga cikin 50 su amince.

Bai sami tikitin jam'iyyar Dimokurat ba, Hillary Clinton ta kayar da shi a 2016, ya janye wa Joe Biden a Afrilun 2020. Amma a 2022 majalisa ta zartar da dokar da ta ba shirin Medicare ikon yin ciniki da kamfanoni kan farashin wasu magunguna, ta kuma ƙayyade insulin a dala 35 a wata ga waɗanda ke cikin shirin. An so a faɗaɗa wannan ƙayyadewa ga masu inshorar kamfanoni, sai ta sami ƙuri'a 57 a Majalisar Dattawa, alhali 60 ake buƙata.