Daga mai rarrafe har kaka: haɗurran da ke kwance a cikin gida

Sadiya: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Sadiya, ga Anti Rabi, ga Malam Bashir. Tun da muka taɓo zancen batirin nan a ƙarshen shirin da ya wuce, saƙonni ba su tsaya ba. Anti, daga nan za mu ɗora ko?

Anti Rabi: Daga nan mana, don na ga wasu sun ɗauka tsoratar da su muke yi. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo, na makullin mota, na ma'aunin zafin jiki, na kayan wasan yara masu kiɗa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale masa a maƙoshi, matsalar ta wuce toshewa. Danshin wurin ne ke haɗa masa wuta, sai ya fara fitar da sinadari mai cin nama. Cikin awa 2 yana iya yi wa hanyar abinci mummunar ƙuna. Kuma yaron yana numfashinsa lafiya lau fa, sai dai ki ga yana dalalar da miyau, ko ya ƙi haɗiyar komai.

Malam Bashir: Ko da batirin ya riga ya mutu, Anti?

Anti Rabi: Wanda ya kasa tayar da agogo bai rasa sauran wuta a cikinsa ba, kuma wannan saura ya isa ya yi ɓarna. In ana zargin an haɗiye, asibiti kai tsaye. Kar a sa yaro amai, kar a ce bari mu jira ya fito a bayan gida.

Sadiya: To ai wasu rimot ɗin ma irinsa suke ɗauka, kuma ku faɗa mini gidan da murfin rimot ɗinsa yake nan.

Malam Bashir: Babu! Wallahi babu. Ko dai an naɗe shi da salatif, ko an ɗaure da roba.

Sadiya: Roba biyu, ɗaya ta tsinke ɗaya na aiki.

Malam Bashir: Kuma sai an bubbuga shi a tafin hannu kafin ya canza tasha. Ni abin da nake so a bincika, ina murafan nan suke zuwa? Ka ɗaga kujera, ka sami biro, ka sami cokali, ka sami safa ƙafa ɗaya, amma murfi ko alama.

Sadiya: Suna wurin da murfin biro yake zuwa.

Malam Bashir: A'a, murfin biro ai mun san inda yake, yara ne ke taunawa.

Anti Rabi: Kun ga kun kawo ni inda nake so. Ramin da kuke gani a kan murfin biro da yawa, an yi shi ne don iska ta samu hanya idan yaro ya haɗiye. Amma bari in koma kan ɗaga kujerar nan, Bashir. Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, abu ɗaya nake ce masa: ka durƙusa ka yi rarrafe a ɗakinka. Da gaske nake. Mu manya daga sama muke kallon gida, shi kuma mai wata 9 daga ƙasa yake kallonsa. Can ƙasa ne tsabar kuɗi take, da ƙwayar maganin da ta faɗi aka neme ta aka haƙura, da soket, da igiyar tulun dafa ruwa da ke lilo daga kan tebur.

Sadiya: Amma Anti, wasu iyayen za su ce ai idonsu na kan yaro.

Anti Rabi: Nan ne nake rabuwa da mutane da yawa. Babu uwar da idonta ke kan ɗa kowane minti, kuma ba laifinta ba ne. Waya za ta yi ƙara, a buga ƙofa, wani yaron ya yi kuka. Gidan ne ya kamata a gyara yadda ko an kau da kai na ɗan lokaci ba za a yi kuka ba. Ɗauki ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mutane na jin haka sai hankalinsu ya tafi kogi. Bokiti fa? Yaro mai tatata kansa na da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa sai ya kifa, kuma ba shi da ƙarfin ɗagowa. Ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa. Ba ihu, ba fantsama, shiru kawai.

Malam Bashir: Subhanallahi.

Anti Rabi: An gama wanki, a zubar a kife bokitin. Duk abin ajiyar ruwa ya kasance da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Kuma kar a bar wa ɗan shekara 6 amanar ƙaninsa a wurin wanka, shi ma yaro ne.

Malam Bashir: Ni ƙuna ce aka fi turo mini tambaya a kai. Wai man goge baki.

Anti Rabi: Kar a shafa. Ba man goge baki, ba man shafawa, ba ƙanƙara. Ruwa mai sanyi-sanyi, yana kwarara a kan wurin har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da abu mai tsabta, a tafi asibiti in ƙunar na da faɗi ko ta taɓa fuska ko hannu. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, shi ya sa zafin da zai ɗan ja miki ja a hannu shi zai saɓule masa fata. Mariƙin tukunya a juya shi ciki. Wurin haɗa ruwan wanka a fara zuba na sanyi. Kuma kar a sha abu mai zafi da jariri a cinya.

Sadiya: Su kuma masu shekara 2 zuwa 4, masu hawa komai?

Anti Rabi: Su ne masu mayar da durowa matakala. Ya jawo ta ƙasa, ya taka, ya jawo ta sama, sai kabad ɗin gaba ɗaya ya rufto masa, wani lokacin har da talabijin. A 2016 kamfanin IKEA ya janye irin waɗannan kabad masu durowa kusan miliyan 29 a Amurka bayan mutuwar yara. Maganin ƙusa ne da ɗan ƙarfe, a kafe shi a bango. Sai kuma zuba kalanzir ko maganin ƙwari a gorar abin sha. Yaro bai iya karatu ba, gorar ya sani. In ya sha kalanzir ma kar a sa shi amai, don wurin dawowa ne yake shiga huhu.

Malam Bashir: Anti, lokaci fa. Ba mu taɓa tsofaffi ba.

Anti Rabi: Su ne ma suka fi damuna, don an fi mantawa da su. Faɗuwa ita ce ta biyu a duniya wajen kisa cikin haɗurran da ba da gangan ba, mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Tsoho in ya karye a ƙugu, sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Ya kwanta, ƙafa ta saki, ƙirji ya kama, tsoro ya shiga ransa ya daina tafiya ko da ya warke. To kamar yadda na ce a yi rarrafe saboda yaro, saboda Baba ko Kaka sai a bi hanyarsu ta dare. Daga gado zuwa banɗaki, a kashe fitila a bi. Me ƙafa ke karo da shi? Gefen kafet da ya naɗe, wayar caja, dokin ƙofa, tayil mai santsi, silifas ɗin da gindinsa ya cinye.

Sadiya: Kuma ba sa son a ce sun tsufa. Ki kawo sanda a ƙi karɓa.

Anti Rabi: Sai a bi da ladabi. Ba sai an yi shela ba, a sa mariƙi a bangon banɗaki, a ajiye kujerar wanka, a bar ƙaramar fitila a kunne, a sauko da abin da suke amfani da shi kullum daga saman kabad don kar su taka kujera. Sannan magunguna. Na hawan jini da na barci suna iya kawo jiri, musamman in mutum ya miƙe farat ɗaya. Ya zauna a bakin gado tukuna, ya ɗan jima, sannan ya tashi. A kwashi duk magungunan a kai wa likita ya duba su tare, a kuma duba idanu. Kuma ku lura, maganin Kaka da ke gefen gado shi ne guba ga jika mai rarrafe, don haka gida ɗaya sai an yi masa duba biyu.

Malam Bashir: Janareta, Anti, ko da a taƙaice. Mun yi alkawari.

Anti Rabi: Wannan bai san babba ba bai san yaro ba. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan. A waje ake kunna shi, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, ba a baranda ba, ba a ƙarƙashin bene ba. Gawayi ma haka yake a rufaffen ɗaki. Gas kuwa in kun ji warinsa kar a taɓa makunnin lantarki, a rufe silinda, a buɗe ƙofofi, don ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya.

Sadiya: Matasa da cajin waya a ƙarƙashin filo kuma...

Malam Bashir: Sai mako mai zuwa, ga shi ana ɗaga mana hannu.

Anti Rabi: Ban ma faɗi kwanciyar jarirai ba, a rigingine fa, ba rub da ciki ba, kuma ba filo a...

Sadiya: Anti, da shi za mu buɗe in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da turo tambayoyinku. Sai an jima.