Matsewar Jijiyoyin Ƙugu: A Yi Aiki ko a Dakata?

Laccar da wani likitan ƙashi ya gabatar a Argungu, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwa, sannunku da zuwa.

Kun san dattijon da zai wuni a fadama duƙe da fartanya lafiya lau, amma daga gida zuwa masallaci sai ya zauna sau biyu? Ƙafafu su yi nauyi, su riƙa jin kamar tafiyar kiyashi. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce jifa. Ku bari in faɗa muku abin da ke faruwa.

Ƙashin baya a ƙugu gaɓoɓi biyar ne, ta tsakiyarsu akwai rami kamar bututu, nan jijiyoyin ƙafa ke bi. In shekaru suka haura hamsin, guringuntsi kan turo ciki, ƙashi ya yi tsiro, ramin ya tsuke, galibi tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar. Miƙewa na ƙara tsuke shi, duƙawa na buɗe shi. Shi ya sa ruku'u ya fi wa irin wannan mutum sauƙi a kan doguwar tsayuwa, kuma zai tuƙa keke har kasuwa alhali ya kasa zuwa da ƙafa.

To, aiki ko haƙuri? A Amurka an yi babban bincike mai suna SPORT, aka fitar da sakamako a 2008. Waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi a shekarun farko, amma da aka bi su zuwa shekara 8, tazarar ta ragu ƙwarai a cikin waɗanda ƙuri'a ce ta zaɓa musu tiyata ko haƙuri. Wani binciken na 2015, kan mutum 169, ya gwada tiyata da motsa jiki a hannun ƙwararru: bayan shekara 2 kusan kunnen doki aka yi. Sai dai kada in ɓoye muku, fiye da rabin masu motsa jikin sun koma an yi musu aikin.

Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, jira ba ya cutar da mafi yawan mutane. Ciwon nan a hankali yake tafiya, ba kasafai yake gurgunta mutum ba. A fara da wata uku na atisaye, a rage tumbi, a riƙe sanda ba kunya. Allurar baya kan ba da ɗan sauƙi na makonni, ba ta buɗe rami. Su diclofenac da kuke saya a kemis kuna sha kamar gyaɗa kuwa, gyambon ciki da ciwon ƙoda ne ƙarshensu. Ƙaho da sakiya, da girmamawa ga wanzamanmu, ba sa isa inda matsalar take.

In an yi duk wannan, mutum ya kasa zuwa ko ƙofar gida, aiki ya halatta. Ana cire ɗan ƙashin da ya danne ne, jijiya ta sarara. Ya fi maganin ciwon ƙafa a kan ciwon baya, ku riƙe wannan. Kuma ba kowa ke buƙatar a sa masa ƙarfen da ke haɗe gaɓoɓin baya ba. Wani binciken ƙasar Suwidin na 2016 bai ga ƙarin amfaninsa ga yawancin masu wannan ciwo ba, ga kuma tsada. Hoton MRI kaɗai ba dalili ba ne, tsofaffi da yawa hotonsu ya nuna tsukewa suna yawonsu.

Inda ba a jira shi ne: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kuɓuce, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja da sauri. Baba, in haka ta faru, ko da tsakar dare ne a nemi mota zuwa Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Sakkwato inda ake aikin jijiya. In kuma akwai rama, zazzaɓi da gumin dare, a duba tarin fuka, don yana cin ƙashin baya, maganinsa daban ne.