Lasifika Mai Ampili a Ciki ko Wadda Ake Haɗa wa Ampili: Wacce Ta Dace da Falonka?

Assalamu alaikum jama'a. Ga akwatuna biyu a gabanmu, ta gaba kamar tagwaye. Sai an juya bayansu ake ganin bambanci. Wannan ta hagu ƙusoshi biyu kawai gare ta, ja da baƙi. Ita ake ce wa pasif: ba ta shan wuta daga bango, sai ka haɗa mata ampili, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ta dama kuwa ga wayar wuta, ga makunni, ga maɓallin ƙara murya. Wannan ita ce aktif, ampilinta na cikin cikinta.

A cikin kowace akwai wufa, babbar da ke fidda bas, da tuwita, ƙaramar da ke fidda siririn sauti. Dole a raba aiki tsakaninsu, galibi a wajen hez 2,000 zuwa 3,000 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). A pasif, matatar da ke wannan rabo tana bayan ampili, an yi ta da naɗin wayar tagulla da kondansata, kuma tana cinye wani ɓangare na ƙarfin ta mayar da shi zafi. A aktif ta gaskiya, ana raba sautin tun yana ƙarami, sannan wufa da ampilinta, tuwita da nata. Kamfanin da ya ƙera su ya riga ya auna komai, har da abin da ke rage murya kafin ta ƙona kanta. Shi ya sa ƙaramar aktif mai wufa inci 5 take ba mutane mamaki a ɗaki mai mita 4 a 4.

Amma a lura: da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa da sunan aktif, ampili ɗaya ne a akwati ɗaya, sai waya ta tafi ga ɗayar. Ba laifi ba ne, sai dai ka san abin da kake biyan kuɗinsa. Ka ƙirga wayoyin wuta. Idan ɗaya ce, da wuya a ce kowace tuwita na da ampilinta.

Wanda ya zaɓi pasif, lissafi ya koma kansa. Farko om, ma'aunin yadda lasifika ke turje wa wutar da ampili ke tura mata. Duba bayan lasifikar, za ka ga 4, 6 ko 8. Duba bayan ampilin, ka ga mafi ƙarancin da yake ɗauka. Nan ne ake yawan yin ɓarna: mutum ya ga yana da lasifika huɗu, ya jera biyu a baki ɗaya. Biyu masu om 8 sun zama 4. Biyu masu om 4 sun zama 2, kuma yawancin ampilin gida ba sa jure 2; sai ya yi zafi ya kashe kansa, ko tiranzistocin fita su ƙone.

Na biyu wat. Ka manta da babban rubutun kwali, PMPO 3,000, wannan na talla ne. RMS za ka nema, lambar da ke nuna ƙarfin da ake samu a ɗore. Wat 40 zuwa 60 a kowane gefe sun ishi falon gida. Akwai kuma wata lamba da ba a cika dubawa ba, ta dB, wadda ke nuna ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Duk bambancin dB 3 ninkin wat ne. Mai 90 da wat 25 za ta yi ƙarar da mai 87 ba za ta yi ba sai da wat 50.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ƙaramin ampili ma yana kashe tuwita. Idan ka murɗa shi har ƙarshe ranar suna ko biki, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya riƙa yanke kan sautin, wannan ƙazamin sautin kuma tuwita yake faɗa wa. Da ka ji murya ta fara tsatsa-tsatsa, rage.

Waya: mai kauri 1.5 mm² ta isa har mita 5, in ya wuce haka ɗauki 2.5. Kankare bakinta da wuƙa. In ciki fari ne, alminiyam ce aka shafa wa tagulla. Ja ga ja, baƙi ga baƙi. Ka juya gefe ɗaya, bas ya ɓace, ka yi ta zargin mai shago.

Yanzu mu zo Maradi. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma ampilin aktif a rufe yake cikin akwatin da ke girgiza. Kondansata masu ruwa a ciki, duk ƙarin digiri 10 na raba kwanansu gida biyu. Ƙara da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Aktif biyu na nufin allon wuta biyu da za su iya bugawa. Idan allon ya mutu, kuma sassansa irin ƙananan nan ne da babu su a gari, lafiyayyar lasifika ta zama kujerar zama. Pasif kuwa, ampili ya ƙone ka kai wa mai gyara, ka ari wani ka ci gaba da saurare. Akwatin da kansa yana iya shekara 20, sai dai soson gefen wufa ya ruɓe a sake shi. A ganinmu, wannan ne ya fi nauyi a nan, fiye da gardamar wacce ta fi daɗin sauti.

Mai sola kuma lissafinsa dabam. Yawancin aktif na yanzu ampili aji D suke da shi, wanda ke kai kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha ga lasifika, yayin da tsohon aji AB ke zubar da kusan rabi a zafi. Amma akwai ƙananan ampili aji D na daban, masu aiki da bolt 12 zuwa 24, da za ka haɗa wa pasif daga batir. Ke nan ba sai aktif ba ake tsimin wuta.

Idan waya ko kwamfuta ce abin saurarenka, ɗakin ƙarami ne, kuma ba ka son tarkace, ɗauki aktif. Ka sa mata na'urar daidaita wuta, ka jona su biyun da abin da ke ba su sauti a soket guda don kauce wa gunjin nan na hez 50, wayar RCA kuma, wato wayar sauti mai kawuna ja da fari, kada ta wuce mita 5. In ramin iskarta a baya yake, bar santimita 20 zuwa 30 tsakaninta da bango. Lokacin hunturu ka rufe ta da zane, amma bayan ka kashe.

Kayan hannu kuma, irin masu shigowa ta Kwatano, karanta takardar da ke kusa da wayar wuta kafin ka jona. Namu bolt 220 ne. Wanda aka yi wa Amurka 120 yake sha, sai an rubuta 100–240 ko akwai maɓallin sauyawa.